Ƙashin Raƙumi a Wuyan Jita

Asabar bayan Babbar Sallah, 1425, bayan la'asar

Alhamdu lillahi, an sallamo abokina Usuman daga asibiti, bayan shanyewar ɓarin jiki. Na hau tasi daga unguwarmu Balad zuwa tasu Sharafiyya, ƙafafuna kuma suka kai ni har hawa na biyu ban zauna a matakala ba. Wannan ma abin godiya ne.

Yana kwance, fuskarsa a bango. Na yi sallama, ya amsa a maƙogwaro. Hannunsa na hagu yana kan bargo kamar wani ne ya manta da shi a nan. Ban dube shi sosai ba. Bakin ma ban duba ba.

Tani, 'yarsa, ta nuna mini wata ƙwallon roba da aka ba su. Haihuwar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci.

"Ya Kawu, daktur ya ce ya riƙa matsa ta kullum. Ya ce makonnin nan su ne komai. In yatsun ba su fara aiki yanzu ba, za su naɗe, halas. Shi kuma Baba sai ya jefa ta ƙarƙashin gado."

Da zan fito, matarsa Hajiya Saudatu ta tsayar da ni. Ta sa Tani ta taka kujera ta sauko da wani dogon abu daga saman kabad, naɗe cikin tsohon zane. Tun ba a kwance ba na gane shi.

"Wannan na waye?" in ji Tani.

"Na ubanki."

"Baba? Baba mai sahun farko a masallaci?"

Ba ta sani ba. A Damagaram, kafin mu zo hajji a saba'in da shida mu zauna, muna da ƙungiyar kiɗa ta samari. Ni ina kaɗa ƙaramar jita, ni ne kuma mai gyaran kaya, don a lakwal, wato makarantar boko, an koya mana aikin itace. Usuman ne mai bas, babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu da murya a can ƙasa. Wannan ta saman kabad a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa ya saye ta, lokacin da muke aikin sito a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Yakan kaɗa ta ba lantarki, ƙofa a rufe. Da aka haifi Tani sai ya naɗe ta.

Hajiya ta ce, "Malam Isha'aku, ƙwallo dai ba zai matsa ba. Ko wannan zai matsa?"

Na ce Allah ne masani. Amma tun da na dawo ban zauna wuri ɗaya ba.

Lahadi, bayan magariba

Mun jingina shi da matasai, na ɗora masa ita a cinya. Ya daɗe yana kallonta. Tani ta ɗaga hannun hagun ta aza a wuyan jitar. Na ga manuninsa ya motsa, wallahi na gani. Ya danna tsirkiya a gaɓar farko, ba ta kai ƙarfen da ke gicciye a wuyan ba. Ya sake. Jijiyar wuyansa ta tashi, tsirkiyar ba ta sauka ba.

Sai ya sa hannun dama ya ture ta, ya juya bango.

Ba hannunsa kaɗai ne da laifi ba. A saman wuyan jita, dab da kai, akwai ɗan farin abu mai gurabe huɗu inda tsirkiyoyi suke kwanciya. Mu matashi muke ce masa. In guraben ba su yi zurfi ba, tsirkiya takan tsaya nesa da ƙarafan wuya, sai mai ƙarfi ya kai ta ƙasa. Usuman haka yake so a da, don yatsunsa kamar awartaki suke. Ya kamata in duba kafin in ɗora masa. Ɗoki ya hana ni.

Na ɗauko ta. Direban tasi ya tambaye ni ko bindiga ce. Na ce masa a shekaruna ko sanda ma da ƙyar.

Litinin, da hantsi

Na kwance tsirkiyoyin na tafasa su a tukunya, dattin shekaru ya fita, ruwan ya yi baƙi. Wuyan bai lanƙwashe ba ko kaɗan. Alhamdu lillahi.

Ɗakin ya yi kamar da baƙo a ciki. Na kama kaina ina yi mata magana.

Talata, bayan azahar

Yadda ake aunawa: ka danne tsirkiya a gaɓa ta uku, ka duba tsakaninta da ƙarfen farko. Ya kamata takarda ta shiga da ƙyar. Wannan, katin waya biyu ma sun shige suna rawa. Dole kowane gurbi ya sauka.

Sai dai ba ni da magagarin da zai shiga gurbi. Wanda nake da shi na ƙarfen ƙofa ne. Na yanko guntun jelar tsirkiya, mai murɗi-murɗi, na manna a jikin tsinke, ina gogawa da shi. Yana ci, amma a hankali ƙwarai, idona kuma na dama hazo ne. Na jawo tabarma bakin taga.

Ban je Sharafiyya ba. Ba na so in shiga hannu rabbana.

Laraba, da yamma

Hamad ya zo, mijin Tani. Mai walda ne a wani gareji kusa da tasha, ƙato, mai gemu, ba ya dariya sai ya duba ko ana kallonsa. Ya kawo mini shinkafa da kifi, ya tsaya a kan jitar hannu a baya.

"Ya Kawu, ba rashin kunya ba. Mutum yana kwance haka, ya'ni, kamata ya yi a kawo masa carbi."

"Carbin yana hannun dama. Ni na hagu nake nema wa aiki."

"Mutanen masallaci za su zo gaisuwa su gani."

"Sai ka tsaya a ƙofa. Ai ka cika ta."

Ya ɗauki tsinkena ya jujjuya, ya yi tsaki. Ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan kwano kamar na ashana, cike da siraran wayoyi masu kaifi, kowace da kaurinta. Da su suke share bakin bututun walda.

"Da wannan tsinken sai azumi ya same ka. Riƙe. Amma ni ban gani ba."

Allah ya yi wa yaron nan albarka. Na ci kifin duka, abin da na daɗe ban yi ba.

Alhamis, bayan la'asar

Siririyar tsirkiya ta sauka daidai. Ta biyu ma. Na danna da ɗan yatsana ƙarami, ta kwanta ba gardama. Na yi raka'a biyu.

Juma'a, bayan an sauko

Yau ce ranar da Usuman yakan hawo da goro a aljihu ya ce shayina ruwan wanki ne.

Na dafa shayin dai.

Asabar, da hantsi

Na ɓata.

Asabar, bayan magariba

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zan samu in yi barci. Tani ta zo da safe, ina kan gurbi na uku. Ta zauna bakin tabarma tana wasa da gefen mayafinta. Ta ce kafilin Baba, maigidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, ya yi haƙuri iyakar haƙuri, amma direban da ba ya tuƙi ba a sabunta masa iƙama, takardar zama. An shigar da takardun huruj, fita ba dawowa. Da sun fito, Hamad zai raka su gida Damagaram, Baba da Hajiya. Ta ce akwai 'yan'uwa can, akwai fili, akwai masu ɗaga shi.

Na ce haka ya fi. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Duk abin da ake faɗa na faɗa.

Da ta tafi na ci gaba da guga. Ka'ida ita ce ka goga kaɗan, ka mai da tsirkiya, ka ɗaure, ka auna. Ni na yi ta gogawa ban auna ba. Da na ɗaure, tsirkiyar ta kwanta a kan ƙarfen farko tana wani zzz kamar ƙuda a kwalba. Gurbin da ya yi zurfi ba ya dawowa. Na ce bari in cire matashin in sa masa wani abu a ƙasa. Na ɗan buga shi da bayan cokali. Ashe roba ce, ta tsufa. Ya rabe biyu.

Ba wanda ya gani. Wannan ma rahama ce.

Lahadi

Ban tashi ba sai don salla.

Litinin, bayan azahar

Na sauka na zaga shagunan Balad. Wani mai sai da kaset ya ce akwai wurin masu kayan kiɗa can arewa, amma sai an yi oda daga waje, wata ɗaya ko biyu. Takardu ba za su jira wata biyu ba. Yatsun ma haka.

A hanya na tuna a gida ba ma sayen matashi. Da ƙashi muke yi. Na kuma tuna raƙumin layya. Gidaje bakwai na mutanenmu a Sharafiyya suke haɗuwa su yanka raƙumi ɗaya duk shekara, Usuman ne mai haɗa su tun fil azal. Bana an yanka yana asibiti, an kai wa Hajiya kasonsa.

Na roƙi mai kanti ya buga mini waya. Na ce Hajiya, in da ƙashin ƙafa a kason Alhaji, ina so. Ƙashin kawai.

Talata, da yamma

Hamad ya hawo da tukunya. Farfesu ne, ƙashin yana tsakiya, nama jingim a jikinsa.

Na ce ai ƙashi na ce.

"Ta sani. Ta ce ita ba ta aika wa dattijo ƙashi tsirara. Ta ce in kana son ƙashinka ka ci hanya har ka kai gare shi."

Mun ci tare, shi da ni, a kwano ɗaya. Rabon da in ci abinci da wani tun rasuwar matata Rakia sai dai ranar Juma'a.

Na tambayi jikin Alhaji. Ya ce da sauƙi. Da na ci gaba da kallonsa sai ya ce yatsu biyu na ƙarshe sun fara lanƙwasowa ciki, Tani tana miƙe su da man zaitun, shi kuma ba ya ko kallonta.

Laraba, da hantsi

Ƙashi mai maiƙo ba ya kama gam. Na sake tafasa shi da garin sabulu, na hau da shi soro ya sha rana. Kuliyoyin unguwar nan duka sun samu labari. Na zauna da sandata ina gadi, su suna zaune a kan katanga suna gadina. Wata mai ido ɗaya ta fi su haƙuri. Mun fahimci juna, ni da ita.

Daga soron ana hango tasha. Iska tana da daɗi. Na gode wa Allah da ya bar mini ido ɗaya mai gani.

Alhamis, bayan la'asar

Hamad ya tafi gareji da ƙashin da gutsattsarin tsohon matashin, ya yanko mini guda daidai tsawonsa. Fari fat, mai nauyi.

"In maigidana ya tambaya, na ce maƙalin ƙofa ne."

"Ka yi ƙarya saboda jita?"

"Saboda surukina. Yalla, Kawu, yi sauri. An ce takardun suna hanya."

Na goge shi da sanfefa har ya zauna a mazauninsa ba ya motsi. Na raba fensir gida biyu a tsaye, na kwantar da shi a kan ƙarafan wuya na ja layi a jikin ƙashin. Ƙasa da wannan layin ba a zuwa. Na buɗe gurabe huɗu sama-sama na tsaya.

Juma'a, da yamma

Na yi ta tunani. Kati da takarda suna auna hannun mai lafiya ne. Ni ban san iyakar abin da yatsan Usuman zai iya ba yau. In na ƙarasa a nan, ko dai in bar su sama ya sake ture ta, ko in zarce in sake ɓatawa. Ƙashi kuma ɗaya ne.

A gabansa za a yi. Ina jin tsoro.

Wani abu kuma. Ni Babarbare ne, shi Bafillace. Tun muna samari ba mu taɓa gaisawa ba zagi ba, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Tun da abin nan ya same shi sai "sannu Alhaji", sai "Allah ya ƙara sauƙi Alhaji", kamar wani baƙon da na tarar a asibiti. Kowa a gidan haka yake yi masa, da murya ƙasa-ƙasa.

Asabar, bayan magariba

Na je. Na yi sallama, ya amsa wa bango. Na shimfiɗa jarida a ƙasa kusa da gadon, na kwantar da jitar, na fito da wayoyin Hamad. Na fara guga.

Ƙashi yana da ƙara in ana goga shi, ga kuma wari kamar na ƙonannen gashi. Hajiya ta leƙo ta koma. Can na ji gadon ya motsa. Ban ɗaga kai ba.

Gurbi ba a yin sa a miƙe. Ana karkata shi ya gangara wajen kan jita, don tsirkiya ta tashi daga bakin gaba, in ba haka ba muryarta ba ta fita tsab. Ni kuwa a miƙe nake gogawa. Ba zan rubuta ko da gangan ne ba.

"Karkata."

Maganar ta fito a jirkice, amma na ji ta. Na ci gaba a miƙe.

"Karkata. Wajen kai. Babarbaren banza."

Na ce, ban ɗago ba, "Wa ya tambayi bawa? Mutumin da ya kasa matsa ƙwallon yara shi zai koya mini aiki?"

Tani tana bakin ƙofa da tire, ta ce, "Kawu! Haram alaik!"

Sai ga gadon yana girgiza. Na ɗauka tari ne. Dariya ce, rabin fuska, miyau yana zuba, ko a jikinsa. Hajiya ta ja Tani suka fita, na ji tana ce mata, "Bar su. Haka suke tun ba a haife ki ba."

Na karkata wayar.

Lahadi, da yamma

Haka muke yi yanzu. In goga kaɗan, in mai da tsirkiya, in ɗaure, in ɗora masa. Tani ta aza hannun. Ya danna. Ya ce, "Saura." In sauke in sake. Duk ɗorawa dannawa ce, shi bai lura ba, ko ya lura ya yi shiru. Yau ya danna fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ya yi gumi, ya zage ni, ya ci tuwo.

Bai kai ƙarfe ba tukuna.

Litinin

Bai kai ba. Wani dattijo daga masallaci ya zo gaisuwa, Hamad ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce Alhaji yana barci. Muna ciki muna riƙe numfashi kamar yara.

Talata, bayan azahar

Takardun sun fito. Lahadi za su tashi.

Na zauna a matakala yau, hawa da sauka.

Laraba, bayan la'asar

Na kusa layin fensir a siririyar. Gashi ɗaya ya rage. Na gaya masa daga nan ba ni da sauran abin ba shi. Ya dube ni, ya dubi hannun. Ya ce yau ya gaji. Ban matsa ba.

Hajiya tana ɗaure kaya. Ta tambaye ni ko ina son tukwanen. Na ce me zan dafa. Ta ce ba tambayarka nake ba, Malam, gaya maka nake. Allah ya saka mata.

Alhamis, bayan magariba

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Na shafa bakin fensir a gurbin don tsirkiya ta zame, na ɗaure, na ɗora masa. Tani ta kai hannu za ta ɗaga masa, ya ce, "Bari." Da kansa ya ja shi, a hankali, kamar mai jawo guga cike daga rijiya. Ya kai. Ya aza manuni a gaɓar farko. Ya danna, ya sa babban yatsan dama ya ja tsirkiyar.

Tani ta toshe baki da mayafi. Ni ban ji komai ba. Bas ba lantarki muryarta ba ta wuce cinyar mai ita, kunnuwana kuma sun yi nisa.

Na ce, "Ta yi?"

"Kurma. Kawo haɓarka."

Na durƙusa na ɗora haɓata a kan jitar, can wajen maɗauran tsirkiya. Ya sake ja. Ta shigo mini ta haƙora, ta gangara har ƙirji, tsab, ba zzz, ba komai. Ya matsa gaɓa ta biyu. Ta fita. Ya nemi ta uku da yatsan tsakiya, ya kuskure, ya zagi yatsan, ya sake, ta fita. Na daɗe a durƙushe. Hamad ne ya ɗaga ni, yana kallon silin kamar akwai wani abu a can.

Juma'a, bayan an sauko

Na sauke ta biyu da ta uku daidai hannunsa. Da na kai waya kan gurbin babbar, mai kauri, ya riƙe mini hannu da damansa.

"Bar ta."

"Ba za ka iya danna ta haka ba."

"Yau ba zan iya ba. Bar ta a sama. In ka sauke mini duka, me zan yi a can?"

Na ɗiga gam ƙarƙashin matashin, ɗigo biyu, na ɗaure tsirkiyoyin suka danne shi. Ya sa Tani ta ciro goro a aljihun rigarsa da ke rataye, ya ba ni. Ya bushe tun kafin Sallah. Na ci.

Ya ce, "Waye zai riƙa sha maka ruwan wankin nan?"

Na ce bayi ba su ƙare a Jidda ba.



Asabar

Ban je ba. Na ce ƙafa ce.

Lahadi, bayan la'asar

Sun tashi. Tani ta biyo ta nan daga filin jirgi, idanunta jawur. Ta ce babanta ya hana a sa jitar a but, a cinyarsa ta tafi, ba zane. Ta ce tun daga Sharafiyya har suka isa, hannun da ya riƙe wuyanta na hagu ne.

Na sa ta maimaita. Ta maimaita.

Alhamdu lillahi. Ban iya cin komai ba.